Karen Kangal a garken tumaki a Ɗa'ifa: abin da zai iya da abin da ba zai iya ba

Tambayar ta fito daga wani ɗan'uwa da ke kiwon tumaki a wata mazra'a, wato gona, ta wajen Shafa, kudu da Ɗa'ifa a ƙasar Saudiyya. Ya ce kwanan nan wani abu yana shigo masu da dare yana ɗauke 'yan raguna, da rana kuma birai sun hana su sakat. Kafilinsa, wato maigidan da ya ɗauke shi aiki, ya ga bidiyon karen Turkiyya da ake kira Kangal, ya lashi takobin sai ya sayo ƙato guda, kuma shi ɗan'uwan namu za a ɗora wa kula da shi. Yana so ya san halin karen, ko zai jure zafin ƙasar nan, me ake ba shi ya ci, ko zai iya da birai, sannan me addini ya ce.

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Allah ya mayar da alheri, ya tsare abin da ya rage. Saƙon da nake so ka fara kai wa kafilinka tun bai fitar da ko riyal ɗaya ba shi ne, kada ya sayo babban kare. Ya nemo ɗan kwikwiyo mai wata 2, wanda uwarsa da ubansa suna aikin garke, a raine shi a cikin tumakin nan naku. Aikin likitan dabbobi ya sa na sha ganin Kangal a ƙasar nan, kuma yawancin waɗanda suka zama alaƙaƙai ga masu su an sayo su ne manya, saboda kwarjini, aka ɗaure su da sarƙa a bakin ƙofa. Irin wannan karen bai san tunkiya ba. A wurinsa ɗan rago ko dai abin wasa ne ko nama.

Kangal sunan wata gunduma ce a lardin Sibas, a tsakiyar Turkiyya. Tudu ne mai faɗi da ya haura mita 1,200 daga teku, ba shi da itatuwa sosai, zafinsa gajere ne busasshe, hunturunsa kuma dogo mai ƙanƙara. Mutanen wurin makiyaya ne tun kaka da kakanni, suna kiwon fararen tumaki masu kitsen wutsiya da ake kira Akkaraman, kuma babban abokin gabarsu kyarkeci ne, wanda ya fi na yankin Larabawa girma nesa ba kusa ba. Na nan da wuya ya wuce kilo 20. Makiyayan ne suka tace jinsin a hankali: wanda ya taɓa tunkiya ba a neman irinsa, wanda ya tsaya wa garke shi ake rububin 'ya'yansa. Har yau a ƙauyukan can za ka gan shi da ƙarfe mai tsinaye a wuya, saboda maƙogwaro kyarkeci yake fara kai wa hari.

Ƙungiyar nan ta duniya mai rajistar jinsunan karnuka, FCI, ta amince da shi da sunan Kangal a 2018. A ma'auninta namiji yana da tsayin santimita 72 zuwa 78 a kafaɗa da nauyin kilo 48 zuwa 60, mace kuma santimita 65 zuwa 73 da kilo 40 zuwa 50. Launinsa ruwan ƙasa ne mai haske, wani ya ɗan yi toka-toka, baki da hanci baƙaƙe, kunnuwa a kwance, wutsiya tana nannaɗewa bisa gadon baya idan ya ji motsi. Ka riƙe waɗannan lambobin don za su yi maku amfani wurin ciniki. Idan aka nuna maku wani jibgege mai kilo 80 ko 90, leɓɓa sun zubo, yana tafiya yana haki, aka ce wannan ne Kangal na asali, to ko dai Malakli ne na yankin Aksaray, wanda jinsi ne dabam, ko kuma an gauraya shi da wani babban kare don a burge mai saye. Kangal na aiki ba shi da tumbi, ƙafafunsa dogaye ne, kuma yana iya cin gudun kilomita 50 a awa a gajeren zango. A duwatsun Shafa ƙafa ake nema, ba nauyi ba.

Halinsa ne ya fi rikita mutane. Ba ya kora tumaki, ba ya tattaro su, ba zai dawo maka da wadda ta ɓalle ba. Aikinsa zama ne a cikinsu. Da rana za ka gan shi kwance a inuwa ko a kan wani ɗan tudu, ido rabi a rufe, har kafilinka ya fara cewa an cuce shi an sayar masa da raggo. Da magariba ta yi sai ya zama wani kare dabam. Zai tashi ya zaga iyakar wurin yana fitsari a kan duwatsu da gindin shinge, ya tsaya ya saurara, ya yi haushi mai kauri sau biyu ko uku zuwa cikin duhu, ya ci gaba. Idan ya ji abu ya matso, wutsiya za ta miƙe ta nannaɗe, ya shiga tsakanin abin da tumaki, haushin ya sauya ya zama a jere ba ƙaƙƙautawa, kuma tumakin da suka saba da shi da kansu za su taru a bayansa. In abin bai janye ba sai ya kai masa bara ya dawo. Faɗa shi ne matakin ƙarshe, kuma ba kasafai ake kai wa can ba, domin kyarkeci ba ya son rauni. Dabbar da ke cin abinci da ƙafarta, in ta karye ta mutu da yunwa, don haka takan nemi garken da ba shi da mai tsaro. Maganar ƙarfin cizonsa da ake ta yayatawa a bidiyo ba ita ke tsare garke ba. Karen da ya yi shekara bai yi faɗa ba, kuma ba a rasa ko rago ɗaya ba, shi ne ya yi aiki.

Da yake an tace shi ne don ya yanke hukunci shi kaɗai a daji cikin dare, ba shi da irin biyayyar karnukan 'yan sanda. Za ka kira shi ya dube ka, ya dubi inda hankalinsa yake, sannan ya zo a lokacin da ya ga dama. Wannan ba raini ba ne, kuma sanda ba ta gyara shi. Duka abu biyu yake haifarwa a wannan jinsin: ko ya daina yarda da hannun mutum, ranar da ya ji ciwo ba mai iya taɓa shi, ko kuma wata rana ya rama, kuma ramuwar kare mai kilo 55 ba ƙaramin abu ba ne. Murya mai kauri a daidai lokacin da yake aikata laifin ta wadatar. Sarƙa ma haka take. Karen da aka ɗaure dare da rana yakan tara baƙin rai, ya riƙa ganin duk mai wucewa a matsayin barazana tunda ba shi da hanyar kaucewa. Da mutanen da ya tashi a cikinsu yana da sanyin hali da haƙuri, har da yara, amma ba a barin ƙaramin yaro da shi ba babba a wurin, ko don girman jikinsa kawai. Baƙo kuwa zai tare shi, baƙon kare kuma yana iya kashe shi. Yana kuma da son faɗaɗa iyaka: in ba shinge, gonar maƙwabci da titin mota duk za su shiga cikin abin da yake gani nasa ne. Shingen wayar ya kai mita 1.8, a binne gindinsa a ƙasa, don gwanin tono ne.

Tun a ƙarshen shekarun 1970 wasu masu bincike a Amurka, Raymond Coppinger da matarsa Lorna, suka raba ɗaruruwan karnukan garke ga manoma suna bin diddiginsu, kuma suka tattara abin da ake nema a irin wannan kare cikin abu 3: ya zama mai amana da ba ya cutar da dabba, ya zama mai manne wa garke ba ya barinsa, sannan ya zama mai kariya. Na ukun a jininsa yake, ba a koya masa. Na biyun shi ne aikinka, kuma lokacinsa ƙanƙane ne, daga mako 8 zuwa mako 16 da haihuwa. Abin da kwikwiyo ya shaƙu da shi a wannan tsakanin shi zai ɗauka danginsa har ya mutu.

Ga yadda za ka yi. Ka ware ɗan wuri a cikin garken, ka sa tumaki 4 ko 5 masu sanyin hali, ban da mai sabuwar haihuwa don za ta tunkuye shi. A kusurwa ka kafa katako ko waya mai 'yar ƙofar da shi kaɗai zai iya shiga, nan ne abincinsa da wurin ɓuyarsa, ruwan sha kuma ya zama ɗaya da na tumakin. A nan zai kwana, a nan zai wuni. Daren farko da na biyu zai yi kuka har ya ba ka tausayi, kada ka ɗauko shi zuwa ɗakinka. Bayan 'yan kwanaki za ka leƙa da asuba ka tarar da shi ya cusa kai a jikin wata tunkiya yana barci, ko yana lasar bakinta, kunnuwa a kwance, yana ratsa su a hankali ba ya tarwatsa su. In ka ga haka, an kama hanya. Amma kada a ce ba za a taɓa shi ba sam, wannan tsohon kuskure ne da ya samar da karnukan da ba mai iya yi masu allura. Kullum ka ba shi minti 10: ka kira sunansa, ka buɗe bakinsa, ka duba kunne da tsakanin yatsu, ka sa masa igiya ku ɗan zaga, wani lokaci ka sa shi a bayan mota. Duk wannan a cikin garke, ba a ƙofar ɗaki ba.

Daga wata 6 zuwa shekara ɗaya ƙuruciya za ta motsa. Zai fara bin 'yan raguna da gudu, yana cafkar kunne, yana tsige gashi. Wasa yake yi, amma wasan da ke ƙarewa da gawa, kuma in ya ɗanɗana daɗinsa da wuya ya bari. Da ka gani ka tsawata masa nan take, ka mayar da shi cikin manyan tumaki ko wurin rago mai ƙaho wanda zai koya masa ladabi. Lokacin haihuwar farko kada ka bar shi da masu naƙuda ba ka nan. Cin mahaifa ba laifi ba ne, amma kare matashi yana iya zarcewa daga lasa zuwa tauna. Sai ya kai shekara ɗaya da rabi zuwa 2 sannan za ka iya juya baya ka bar masa garke.

Ka ga ke nan asarar bana ba kare ne zai tsayar da ita ba. Kwikwiyon ma kansa abinci ne ga kura. Abin da zai tsayar da ita yanzu shi ne garken kwana mai ƙarfi, a rufe 'yan raguna a ciki kafin faɗuwar rana, a sa fitila, a daina yar da mushe kusa da gona. Ka kuma binciki ko mene ne ke shigowa, don amsar tana sauya magani. Karnukan da suka koma daji, waɗanda suka yi yawa a gefen garuruwa, sukan yi ɓarna ba tsari: su yayyaga da yawa ta baya da ciki, su bar su da rai. Kyarkeci maƙogwaro yake kamawa, ya ci abin da ya kashe. Kura mai zane ta ƙasar nan takan ɗauke ta tafi da shi, ta farfasa ƙashi, kuma sawun ƙafarta ta gaba ya fi na baya girma a fili. In kuwa rago ya ɓace ba jini, ba sawu, ba gashi a jikin waya, to a duba masu ƙafa biyu. 'Yar kyamarar nan mai ɗaukar hoto idan ta ji motsi ba ta kai kuɗin rago ɗaya ba, kuma cikin mako guda za ta gaya maku gaskiya.

Kyarkeci da kura da karnukan daji, Kangal da ya girma zai iya da su, musamman in su biyu ne, ɗaya ya fita ɗaya ya tsaya da tumaki. Birai kuwa wata magana ce. Duk wanda ya bi hanyar Hada, wadda ta ratsa duwatsu tsakanin Ɗa'ifa da Makka, ya san yadda suke: runduna guda ta kai goma-goma har ɗari, namiji babba ya kai kilo 20 zuwa 30, fiƙoƙinsa sun fi na kare tsawo, ga hannu, ga hawan dutse. Da rana suke zuwa, lokacin da zafi ya kwantar da kare. Kasancewarsa a wurin zai sa su yi nesa da 'yan raguna, wannan gaskiya ne. Amma in ya bi su cikin duwatsu shi kaɗai za su yi masa taron dangi, kuma sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Raunin biri tsaga ce mai zurfi kamar ta wuƙa, a cinya ko a baya, mai saurin ruɓewa. Don haka kada ka taɓa zuga shi ya bi su. Abin da ke kawo birai gona abinci ne: buhunan sha'ir a buɗe, barsim (ciyawar da ake nomawa don dabbobi) a fili, bola, tankin ruwa ba murfi. A rufe waɗannan, a kai ƙara ga hukumar kula da namun daji ta ƙasa, wadda ke da shiri na musamman kan matsalar birai a Ɗa'ifa da Baha da Asir, kuma take cin tarar masu ciyar da su a bakin hanya.

Batun zafi, kun yi sa'ar wuri. Ɗa'ifa tana kan tudun da ya kai mita 1,800, Shafa ta haura 2,000, dare yana da sanyi ko a tsakiyar bazara. An ma gwada jinsin a Afirka: tun 1994 cibiyar da Laurie Marker ta kafa a Namibiya don ba da kariya ga rabbi, damisar nan siririya mai gudu, take raba 'yan kwikwiyon Kangal da danginsa na Anatoliya ga masu awaki a yankin Otjiwarongo, kuma mafi yawansu sun ce asararsu ta ragu ƙwarai. Can ma tudu ne busasshe mai sanyin dare. Da a ce daga Jidda ko Makka ko Jizan ka rubuto, da na ce a haƙura. Kare ba ya gumi sai kaɗan a tafin ƙafa, da haki yake fitar da zafi, kuma haki ba ya aiki idan iska ta cika da laima. Ajiye Kangal a kan rufin bene a Jidda cikin watan Agusta zalunci ne, ba ni da wani suna da zan ba shi.

Ko a Shafa sai an kula. Inuwar kwano tanda ce da azahar, gara bishiya ko ragar inuwa mai barin iska ta ratsa. Ruwa ya kasance a inuwa, a wuri biyu, a sauya shi kullum, don ruwan da wayit, wato tankar ruwa, ya zuba a tankin ƙarfe yakan yi zafin da kare zai ƙi sha. Ka jiƙa masa wani wuri mai yashi, zai tona rami ya kwantar da cikinsa. Kada a aske shi. Gashinsa hawa biyu ne, na saman yana tare rana, na ƙasan yana zubewa da kansa sau 2 a shekara, aikinka ka taje shi ya fita. Zafin jikin kare mai lafiya digiri 38 ne zuwa 39, in ya kai 41 rai na cikin haɗari. Alamun su ne haki ba tsayawa, harshe ya fito ya yi faɗi ya yi ja wur, yawu mai kauri, tangaɗi, amai. Ka kai shi inuwa, ka yi ta kwarara masa ruwa mai sanyi a ciki da hammata da cinyoyi, ka sa shi a mota da na'urar sanyi a kunne, kada ka lulluɓe shi da jiƙaƙƙen buhu. Ko ya miƙe ya warware a kai shi asibiti, domin ƙoda takan nuna illar ne bayan kwana ɗaya ko biyu.

Cinsa bai kai girmansa ba. Makiyayan Sibas da garin sha'ir suke riƙe shi, a dama da ruwan zafi a zuba madara ko tsala, suna kiransa yal, sai ɗan nama idan an samu. Babba yakan ci gram 600 zuwa 800 na busasshen abincin karnuka a rana, gwargwadon aikinsa. A raba sau 2, safe da bayan magariba, kuma kada ya yi gudu da cikakken ciki. Karnuka masu zurfin ƙirji suna da wata cuta da tumbi ke cika da iska ya murɗe: ciki ya kumbura ya yi tauri, yana yunƙurin amai ba abin da ke fita, ya kasa zama wuri ɗaya. Wannan tiyata ce cikin 'yan awoyi, in aka jira safiya sai gawa. Shi kuwa kwikwiyo kada a yi masa ɗura don ya yi saurin girma, kada kuma a ƙara masa maganin ƙarfin ƙashi a kan cikakken abinci. Saurin girma da ƙiba su ke fito da ciwon ƙugu da jinsin yake da shi a gado. In ka shafa gefensa ya kamata ka ji haƙarƙari a ƙarƙashin hannunka.

Na san abin da zai faru ranar Juma'a idan iyalan kafili sun watse: za a juye masa ragowar kabsa, shinkafar nan da nama mai kayan yaji. Ka hana. Albasa da tafarnuwa suna fasa jinin kare a hankali, zabibi da inabi suna iya kashe masa ƙoda, ga ku kuma a garin inabi. Dafaffen ƙashin kaza yana tsagewa ya huda hanji, ƙwallon dabino yana toshe shi. Farar shinkafa da dafaffen nama ba yaji ba laifi. Kada a ba shi farasitamol ko ibuprofen, kada kuma a auna masa maganin tumaki da ka.

Akwai abin da ya fi duk waɗannan muhimmanci, don ya shafi lafiyarka kai kanka. Ka taɓa fede rago ko raƙumi ka ga wani ƙulli fari a hanta ko huhu, in an huda ruwa garai-garai ya fito? Yawancin mutane sukan yanke wurin su jefa wa kare. A cikin ruwan nan akwai dubban kawunan wata tsutsa. In kare ya ci, sai su girma a hanjinsa su zama 'yan tsutsotsi da ba su wuce milimita 6 ba, shi ba ya jin komai, amma kashinsa yana fita da ƙwai da ido ba ya gani. Ƙwan yana manne wa gashinsa, ya zuba a ciyawa da ruwa. Tunkiya ta ci, ƙullin ya fito mata. Mutum ya shafa kare ya ci abinci bai wanke hannu ba, ƙullin ya fito masa shi ma, a hanta ko huhu, ya yi shekaru yana girma shiru, ƙarshe sai an kai ga tiyata. Cutar tana nan a ƙasar nan da Sudan da duk inda ake kiwo da yanka a gida. Maganinta mai sauƙi ne: kada ɗanyen kayan ciki ya shiga bakinsa ko sau ɗaya, a dafa su sosai, mai ƙulli kuma a ƙone ko a binne da zurfi. A ba shi ƙwayar maganin tsutsa ta praziquantel aƙalla sau 4 a shekara, in gonar ana yawan yanka to duk mako 6, a kwashe kashinsa na kwana biyu bayan maganin a binne. Kai kuma sabulu kafin cin abinci.

Allurar rigakafi tana farawa a mako 6 zuwa 8, ana maimaitawa duk mako 3 ko 4 har ya kai mako 16, saboda cutar gudawar jini ta fabo da ke kashe 'yan kwikwiyo cikin kwanaki. Ta haukan kare a wata 3, sannan a riƙa sabuntawa. Wannan ba abin sakaci ba ne ga karen da zai yi arba da yanyawa da kyarkeci. In ya ciji mutum, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, a tafi asibiti a ranar. Kaska kuma ita ce ciwon kan kowace gona a nan: tana sa masa zazzaɓin da ke hana cin abinci, dasashi ya yi fari, wani lokaci haɓo. Ka duba kunne da wuya da tsakanin yatsu, ka karɓi maganin kaska na karnuka wurin likita. Sannan ka yi magana da maƙwabta. Wasu makiyaya suna barbaɗa guba a mushe don kyarkeci, abin da doka ta hana, kuma karen garke ne yake fara cin sa.

Ta fuskar addini kana kan halas. Hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito ya ce wanda ya riƙi kare ana rage masa lada kullum, sai dai karen farauta ko na kiwo ko na gona, naka kuwa ya haɗa biyu. Inda za ka ga bambanci da mutanen gari shi ne tsarki. Mu da muka tashi a mazhabar Malikiyya an karantar da mu cewa kare mai rai ba najasa ba ne, wanke ƙwarya sau 7 idan ya yi lallagi a ciki bin umarni ne kawai. Hanbaliyya da ake bi a nan, da Shafi'iyya, suna ganin yawunsa najasa ce mai kauri, wanki 7 ɗaya da ƙasa. Kada ka ja da kowa a kan wannan. Ka ware masa kwanonsa, ka ware rigar aiki da ta salla, shi ke nan kowa ya huta. Kuɗin kare ma akwai hadisin hani a kansa, malamai sun yi saɓani game da wanda aka halatta riƙewa, kafilinka ya tambayi malamin da ya yarda da shi. Abin da ba saɓani a kansa shi ne haƙƙin dabbar: ci da sha da inuwa da magani suna wuyan wanda ya ajiye ta.

Shigo da kare daga waje sai da izinin ma'aikatar muhalli da ruwa da noma, ita ma Turkiyya tana taƙaita fitar da Kangal, don haka mafi sauƙi a nema wurin masu kiwonsa a cikin ƙasa. Ku je da kanku ku ga uwar a cikin dabbobi, ba a keji ba. Ku karɓi katin rigakafi. Cikin 'yan kwikwiyon kada ku ɗauki wanda ya fi kowa zaƙewa yana cizon 'yan'uwansa, ko wanda ya maƙure a lungu yana rawar jiki. Ku ɗauki wanda ya zo ya shinshina ku ya koma ya kwanta. Kada a yanke masa kunne, dokar jin ƙan dabbobi ta ƙasar nan ta hana in ba da dalilin lafiya ba.

Tun yana ƙarami ka gabatar masa da duk mai shigowa gonar a kai a kai: direban wayit, mai kawo barsim, makiyayin raƙuman maƙwabta, kafili da 'ya'yansa. Ranar da baƙi suka cika istiraha, wato wurin shaƙatawar gonar, a rufe shi tare da tumakinsa, a sa allo a ƙofa cewa akwai kare. Kuma lallai a samu mutum na biyu da zai riƙa ba shi abinci yana sa masa igiya tare da kai tun daga makon farko. Kare ne da yakan kai shekara 12 ko fiye, kai kuwa za ka tafi hutu gida, wata rana ma iƙama, takardar izinin zama, ta ƙare ko ka sauya wurin aiki. In kai kaɗai ya sani, ranar da ka hau jirgi ba mai iya shiga garken, kuma abin da za su yi shi ne su nemo sarƙa. Ka gaya wa kafilinka wannan sharaɗin tun yanzu, ya zaɓi wanda zai tsaya tare da kai kafin a kawo kwikwiyon.